Lungun Bayan Sito

Lungunmu bai kai faɗin mota ba, amma babur na wucewa, baro na wucewa, Inna ma da sandarta tana wucewa. Ta nan take fita titi ta hau mota zuwa asibiti duk lokacin da gwiwoyinta suka tashi. Ɗaya hanyar sai an zagaya ta bayan makaranta, a tsallake kwata a kan wani katako da ni mai lafiyar ƙafa ma sai na yi addu'a kafin in taka. In aka toshe lungun nan, Inna ta zama 'yar zaman ɗaki ke nan.

Mai son toshewar kuma ba bare ba ne. Kawu ne, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya, mai siton siminti da ke dama da lungun. Bara ya sayi kangon da ke hagu, daga nan lungun ya zame masa ƙarfen ƙafa. Kawu ba ya faɗa da baki, a hankali yake bin abu. Ya fara da rufa kwano daga wannan katanga zuwa waccan, wai don masu wucewa su sami inuwa. Har godiya muka je muka yi masa, mu sakarkaru.

Ni tela ce, shagona na ƙarshen lungun ta ciki. Harkar taswira kuwa Dogo ne ya jefa ni cikinta, mai babur ɗin da ke kai min ɗinki gidajen mutane. Ya sa min manhajar taswira a waya, ya ce wannan taswirar ta kowa ce, wanda ya san wuri shi ke gyara shi. Kana tafiya tana jefo maka tambaya: shagon nan me ake sayarwa, famfon nan yana kawo ruwa, hanyar nan kwalta ce ko ƙasa. Ni da Allah ya yi ni da son a tambaye ni, nan da nan na kamu. Na sa mai faci, na sa mai cajin waya, na sa katakon kwata har da gargaɗi. Lungunmu ma ni na ja shi da yatsana, daga titi har ƙofar gidanmu. Doka ɗaya Dogo ya kafa min: abin da ido ya gani a ƙasa shi ake sawa, ba abin da rai ke so ba.

Wata safiya wani baƙon mai kawo saƙo ya iso da yadin wata mata, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwan kwata, yana ta masifa. Na ce me ya hana shi biyo lungu. Ya ce wane lungu, ya miƙo min wayarsa. Babu shi. Sito da kango sun haɗe sun zama gini ɗaya.

Manhajar ba ta ɓoye wanda ya taɓa abu. Mai gogewar ya bar bayani, wai a hoton sama ba a ga hanya, rufi ɗaya ne. Sunan bogi ya sa, amma na gane shi, surukin Kawu ne mai tsare masa sito. Sai a ranar na fahimci amfanin inuwar da muka yi wa godiya, raina ya ɓaci har na karya allura.

Na mayar da lungun. Ya goge. Na sake mayarwa, wannan karon da hotunan da na ɗauka ina tsaye a ciki. Ya sake gogewa. Sai sauran masu taswirar, mutanen da ban taɓa gani ba, suka sa baki, suka ce wanda ke tsaye a wuri ya fi mai leƙe daga sama. Lungu ya zauna.

Ranar Kawu da kansa ya tako shagona, ya ƙi zama.

"Ke 'yar nan, me na tsare miki?"

"Ba ka tsare min komai ba, Kawu. Hanya kake shirin tsarewa."

"Masu awon fili za su zo. So nake in haɗe wurarena biyu. In ba mai bi, ba ta kuma bayyana a ko'ina, magana ta ƙare. Katakon kwatar zan sa a canza muku."

"Inna ce za ta hau katako?"

"Yaya ba ta ce komai ba. Ke ce mai baki."

Gaskiyarsa, ba ta ce ba. Da na shiga gida na faɗa mata, sai ta shafa gwiwarta ta ce, "Ki bar shi, ƙanena ne. Dama ina nake zuwa? Sai in zauna." Wannan maganar ta fi ta Kawu yi min ciwo. Matar da ta goya shi ce take cewa sai ta zauna.

Bayan kwana kaɗan na fito da hantsi na tarar da ƙofar ƙarfe a bakin lungun, sabuwa fil, fentinta ko bushewa bai yi ba. A buɗe take, an jingine ta da katanga. Abin da ya rage a liƙa mariƙin kwaɗo, mai walda ya tafi sayo man janareta. Dogo na tsaye da babur ɗinsa yana kallo.

Ya ce, "Sai ki sa ta a taswira."

"In sa me?"

"Ƙofa. Ga ta muna gani. In an kulle kuma ki sa a kulle take."

"In na sa haka wa zai ƙara biyowa? Na kashe lungun da hannuna ke nan. Ba zan sa ba."

"To kin koma surukin Kawu. Shi ya cire abin da ke akwai, ke kin ɓoye abin da ke akwai."

Na zage shi a zuci, don ya fi ni gaskiya, ni kuwa ba na son a fi ni gaskiya da safe. Na tsaya ina kallon ƙofar, wayar na hannuna. Ƙarya ba zan yi ba. Amma ba wanda ya ce dole in bar ƙasar yadda Kawu ke so.

Na ce, "Jingine babur ɗin nan ka kama min keke."

Keken ɗinkina na ƙafa ne, tsoho, mai teburin ƙarfe. Muka ciccibo shi muna nishi, muka dire shi daidai jikin ƙofar, inda ba za ta rufu ba sai an ɗaga ni, na bar gefe ɗaya yadda mutum da babur za su wuce. Na kwaso yaduka na rataya a jikin ƙarfen, na ɗauko kujera, na zauna na ci gaba da rigar da nake ɗinkawa. Ɗinkin ya karkace, ban tsaya ba.

Mai walda ya dawo da jarkarsa, ya dube ni, ya dubi yadukan. Ya ce shi ba ya kunna wuta a kan mutum da kayan mutane, ya zauna a kan janaretansa. Masu wucewa suka fara tsayawa. Aka kira Kawu.

Ya zo fuska a murtuke, surukin da leburorin sito na biye da shi.

"Tashi."

"Aiki nake, Kawu."

"Ni kike wa haka a gaban jama'a?"

"A gaban jama'a ka kafa ƙofar."

Ya juya ga leburorinsa ya ce su ɗauke keken. Suka matso, suka tsaya, kowa na jiran wani ya fara. Ni dai ƙafata na kan feda. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma haushin ya fi tsoron yawa.

Kawu ya sunkuyo ya rage murya. "Daga yau kar ki ƙara taka gidana."

"To, Kawu. Gidanka naka ne. Lungun nan kuwa zan taka, gobe ma nan zan buɗe shago."

Sai muka ji ƙarar sanda a ƙasa. Inna ce ta fito, da mayafinta na zuwa asibiti, alhali ba ranar asibitinta ba ce. Ta daɗe kafin ta iso. Ba ta kalle ni ba. Ta tsaya a gaban ƙanenta, wanda ya cika ɗan wurin da na bari.

Ta ce, "Matsa, zan wuce."

Kawu ya matsa.