Gadar Tungar Gambo

Tungar Gambo ƙauye ne a fadamar Gummi, amma da zarar damina ta zauna, gulbi yakan zagaye shi ya mayar da shi tsibiri. Daga nan ba shiga ba fita sai a jirgi. Jirgin kuwa ɗaya ne, na Maiturare, kuma Dalhatu, ɗan ƙanwarsa da ya riƙa tun yana ƙarami, shi ke fito da mutane a cikinsa.

A wannan jirgi Dalhatu ya rasa ɗansa na fari. Naƙuda ta yi wa matarsa Hure gardama, ga gulbi ya cika. Ya yi ta tuƙi har tafin hannunsa ya saɓule, amma kafin su kai gaɓa abin da ke cikinta ya daina motsi. Tun daga ranar, in ya dubi ruwan sai ya ji kamar maƙiyi yake kallo.

Da kaka ta yi, jam'iyya ta kira zaɓen fidda gwani na kansila. Maiturare ya fito. Haris ma ya fito, wani saurayi da ya dawo daga haƙar zinariya a Bagega da sabon babur da daɗin baki. Maganarsa ɗaya ce duk inda ya tsaya: gada.

Zaɓen ƙato bayan ƙato ne. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa da rana tsaka, kowa na ganin kowa. A Tungar Gambo kuwa ba a taɓa jin ɗa ya bar layin wanda ya riƙe shi ba.

"Kawu ne fa," in ji Hure da safen, tana shafa sabon cikin da ta samu, wanda ko tasowa bai fara ba. "Tuwonai kaka ci."

"Na sani. Gadar hwa?"

"Kai dai ka tsaya inda anka san ka."

A filin makaranta Dalhatu ya daɗe tsakanin layuka biyu. Ya san in gada ta zo, sana'arsa ta mutu. Wannan ne ma ya ba shi ƙarfin zuciya, yana ganin wanda ya zaɓi abin da zai cuce shi don a huta ba za a kira shi maci amana ba. Ya taka ya tsaya bayan Haris. Wasu samari da ke ta leƙen juna suka ga ɗan gidan Maiturare ma ya sauya, suka bi shi. Da su aka rinjaya.

Maiturare bai yi faɗa ba. Ya waiwayo sau ɗaya, ya dubi Dalhatu, ya gyara hula. Washegari ya aiko aka karɓi filafilin tuƙi.

Da rani Haris ya ci babban zaɓe. Tifa ta zo ta juye duwatsu da yashi a bakin mashigi, aka kafa allo, aka ɗauki hoto, maroƙa suka sha kirari. Daga nan shiru. Haris ya kama gida a cikin Gummi, wai don ya fi kusa da sakatariya. Dalhatu ya koma ƙwadago a gonakin shinkafa. A masallaci, mutanen Maiturare kan bar ɗan fili tsakaninsu da shi, mutanen Haris kuma suna kiransa Ɗan Gada suna dariya.

Ruwan farko ya kwashe yashin. Ana cikin haka Haris ya zo sulhu, da goro da manyan jam'iyya. Aka ce aikin gada sai baɗi, amma ga jirgi mai inji an kawo wa talakawa, kuma babu wanda ya dace ya riƙe shi sai dattijo Maiturare. Suka rungumi juna, aka yi fatiha. Kowa ya shirya da kowa. Dalhatu kaɗai ba a tuna da shi ba, don shi ba jam'iyya ya saɓa wa ba.

Naƙudar Hure ta zo da hantsi, gulbi ya yi maƙil. Da ungozoma ta ce a yi asibiti, Dalhatu ya ruga mashigi, ya tarar da Maiturare zaune a sabon jirgin yana jan carbi. Ya durƙusa cikin laka.

"Kawu, Hure ce. Don Allah."

"Su wa nika gani? Mai girma Ɗan Gada?"

"Kawu, ka yi man komi daga baya. Jini taka zubarwa."

Maiturare ya miƙe nan take. "Ku kawo ta maza! Hure ɗiyata ce, ba ta yi man komi ba."

Aka kwantar da ita bisa tabarma, innarta da ungozoma suka shiga. Dalhatu ya ɗaga ƙafa zai bi, sai Maiturare ya tare shi da tsohon filafilin nan.

"Jirgi na mutanen jirgi ne. Kai ka bi ta gada, mu gamu can."

Inji ya tashi. Hure ta ɗago kai tana kiran sunansa, ƙarar ta danne muryarta. Dalhatu ya hau tulin duwatsun da ruwa bai gama cinyewa ba, don daga nan ne kawai ake hango ɗaya gaɓar. Ya tsaya yana kallo har jirgin ya shige bayan ciyawa.