Rumbun da Ke Numfashi

Zamanin da Aliero ke cikin Jihar Sakkwato, malamin kwalejin fasaha ya tura ɗalibansa ƙauyuka, ya ce kowa ya yi wa jama'a aiki kafin ya samu takardar shaida. Habila, ɗaya daga cikinsu, ya iso Aliero da zanen ɗakin ajiyar albasa, ginin bulo da rufin kwano. Ido biyu yake mafarkinsa, har yana hango motocin kasuwar Jega sun yi layi a ƙofarsa.

Baba Magaji, manomin da ya sauke shi, ya dubi zanen ya ce ya yi kyau, bai ƙara ba. Da rana ta take, sai ya ja shi bayan gida, inda rumbun albasarsa na kara yake ɗare bisa duwatsu.

"Ɗana, shiga ƙarƙashi ka kwanta."

Habila ya ji haushi, amma ya kwanta. Iska mai sanyi na ratsowa ta tsakanin karan dawa, ɗauke da ƙamshin albasa, ɓawo na motsi a samansa kamar ana raɗa. Barci ya sace shi. A mafarki ya ga ɗakinsa na kwano yana gumi, albasa na narkewa a ciki.

Da ya farka, tsohon na gefe yana tufkar igiya.

"Baba, me ya hana ka gaya mini zanena zai ruɓar da albasa?"

"Takarda ka gwada min, ɗana. Sai yanzu ka tambaye ni."

Habila ya juya bayan takardar, fari fat, ya miƙa masa fensir.