Bogar Baƙin Wake ta Baba Mahauci

"Juya! Juya yanzu, 'yar nan, kafin ta kama!"

Na cusa faffaɗan cokali a ƙarƙashin bogar waken, na ɗaga, na kifa. Ta dare gida uku a cikin kaskon, sauran ya bi gefe ya zama marmashi. Baba Mahauci ya dafe kai ya zagaya kicin ɗina sau biyu, kicin ɗin da duk faɗinsa bai wuce taku uku ba.

"Ta bakwai ke nan," na ce.

"Ta shida! Ta ranar Talata ba ta cikin lissafi, ke kika cika mata ruwa."

Ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na biyu. Ni ɗinki nake yi a gida, shi kuwa shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana fawa a kasuwa, har ranar da likita ya saurari ƙirjinsa ya ce nama ya ƙare masa. Tun rasuwar matarsa firjinsa ya mutu bai gyara ba, rishonsa kuma hayaƙi ya fi wuta yawa, shi ya sa kicin ɗina ya zama wurin gwajinsa. Ban taɓa gayyatarsa ba. Sallama kawai ya yi ranar Litinin da kwanon wake a hannu, ya wuce ciki.

Duk wannan wahalar a kan Baba Dogo ce, abokinsa da teburinsu ke manne da juna a kasuwa tun suna samari. Kowace Asabar tare suke cin abincin rana, su tasa nama a gaba, su yi ta musu a kan wanda ya fi iya fiɗa. Da aka hana Baba Mahauci nama, Baba Dogo bai daina zuwa ba. Sai ya zauna ya taya shi cin dafaffen kabeji da karas, yana taunawa a hankali, ya ce da daɗi, ya bar rabi a faranti.

"Mutumin da ke tashi da rabin cinya shi kaɗai!" in ji Baba Mahauci. "Tausayina yake ji, 'yar nan. Wallahi gara ya zage ni."

Ana haka 'yarsa ta turo masa bidiyo a waya, yadda ake haɗa boga, irin dunƙulen niƙaƙƙen naman nan da ake sakawa a tsakiyar burodi, amma da baƙin wake, babu ko ƙwallin nama. Ya kalla ya fi sau ashirin. Litinin mai zuwa za a kwantar da shi a asibiti a yi masa aiki, saura Asabar ɗaya ke nan. Ya rantse a gabana cewa a wannan Asabar sai Dogo ya cinye ya miƙo faranti a ƙara masa.

"Dogo yana iya yabon abinci don kunya," ya ce, "amma ba ya neman ƙari don kunya. In ya miƙo faranti, to na ci nasara."

Matsalar ita ce bogar ta ƙi tsayawa. Ni na san dalili, na kuma faɗa masa har bakina ya gaji. Baba ya taho da injin niƙa namansa na ƙarfe, mai hannun juyawa, ya ɗaure shi a bakin teburina. Duk waken da muka dafa sai ya bi ta cikinsa sau biyu, ya fito a caɓe kamar laka.

"Baba, matar cikin bidiyon cokali mai yatsu ta sa ta ɗan farfasa."

"Matar cikin bidiyon ta taɓa riƙe wuƙa? Boga ta inji take bi, tun kafin a haifi uwarta."

Ranar Juma'a na yi abin da na ɗauka ɓarna ce. Na dafa wake na tsane shi, na juye a kasko a kan ƙaramar wuta don ruwan ya ɗan janye, sai ga wata mai karɓar ɗinki ta zo da ƙorafin hannun riga. Kafin in rabu da ita waken ya bushe, fatarsa duk ta tsage. Baba ya shigo ya same ni ina shirin zubarwa.

"Tsaya!" Ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsa, ya sunsuna, ya jefa ɗaya a baki. Idonsa ya buɗe. "Ke! Me kika yi masa?"

"Mantawa na yi da shi."

"To daga yau ki riƙa mantawa!"

Ya zuba a inji ya kama juyawa, amma busasshen waken ya yi masa tauri. Juyi huɗu ya yi ya saki, ya dafa bango yana haki. Na yi maza na jawo masa kujera. Ya ɗaga mini hannu wai in bar shi, ya tsallaka ɗakinsa, ya dawo da katakon sara da wuƙaƙe biyu a naɗe cikin tsumma.

"Haka mahaifina yake yi kafin inji ya zo," ya ce.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tsohon da yanzun nan yake neman numfashi ya tsaya ƙyam, wuƙa a kowane hannu, suna sauka bi da bi, kaf-kaf-kaf, yana tattaro waken da gefen wuƙar yana sake bi ta kansa. Har matar hawa na ƙasa sai da ta leƙo ta tambaya ko kafinta muka kira. Rabin waken ya yi laushi, rabi ya rage da ɗan tsaki-tsaki. Ni kuma ina ta miƙo masa soyayyar albasa da tafarnuwa, da garin busasshen burodi, da barkono, da ƙwai guda, da ɗan gishirin da likita ya yarda da shi. Ya cuɗa, ya mulmula, ya danne a tafin hannu. Sai ya kifa hannun, ya ɗaga ta da yatsa biyu a sama. Ko gezau ba ta yi ba.

"Kin gani? Kin gani!" Yana dariya har da tari. Ni ma tsalle na yi, da girmana da komai.

Guda shida ya jera a tire. Na ruga na kunna wuta na ɗora kasko, sai ya miƙa hannu ya kashe.

"Abin da aka sara yau ba a gasa shi yau. Sai ya kwana a sanyi ya kama jikinsa."

"Haba Baba, wake ne fa! Awa ɗaya ta ishe shi. Mu gwada guda ɗaya mana, mu gani ko za ta juyu."

"Ta ƙarƙashin wuƙata ya bi, dokar nama zai bi. Gobe a gaban Dogo za ki juya ta."

Na roƙe shi, na yi masa magiya, har fushi na yi. Da kansa ya rufe tiren ya saka a firji, ya gargaɗe ni kada maigidana ya kuskura ya buɗe, ya tafi yana wasa wuƙa ɗaya a jikin ɗaya. Har yau ina jin haushin kaina da ban soya guda ɗaya bayan fitarsa na kai masa ba.

Safiyar Asabar na yanka tumatir, na wanke latas, na raba burodi. Ƙarfe goma ban ji motsinsa ba, sai na tura maigidana ya ƙwanƙwasa. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, a bakin ƙofar kicin ya tsaya yana salati. A kan kujera ya same shi, ya yi wanka ya sa farar riga, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Baba Dogo ya iso da azahar cikin shigarsa ta Asabar, ya tarar da mutane cike da matakala. A ranar aka kai Baba Mahauci makwancinsa. Na yi kuka kamar mahaifina ne ya tafi, ban ko tuna da tiren ba.

Washegari da rana na buɗe firji zan ɗebo wa baƙin 'yarsa ruwa, sai ga su nan guda shida a jere. Na leƙa waje. Baba Dogo yana zaune a kan matakala shi kaɗai, ya zuba wa ƙofar abokinsa ido. Na ce da maigidana ya shigo da shi falo, na kuma ja masa kunne kada ya faɗa masa komai game da rantsuwar.

Na zuba mai kaɗan, na bari kaskon ya yi zafi sosai, na ɗora ɗaya. Ƙamshi ya tashi. Na ƙirga minti huɗu. Na cusa cokalin, na ɗaga, na kifa. Ta sauka ɗungurungum, bayanta ya yi ja, ko tsagewa babu.

"Baba! Ta tsaya! Wallahi ta tsaya!"

Da ƙarfi na faɗa, fuskata tana kallon ƙofa. Babu wanda ya amsa, sai maigidana da ya sunkuyar da kai.

Na saka ta a burodi da tumatir da latas, na kai wa Baba Dogo. Ya ce ba ya jin yunwa. Na ce aikin abokinsa ne na ranar Juma'a. Sai ya ɗaga burodin sama, ya ɓari gefen bogar, ya kai kusa da ido.

"Wannan saran wuƙa ne, ba inji ba," ya ce. "Hannunsa ne. Kullum ɓangaren hagu ya fi laushi."

"Wake ne, Baba."

"Na san wake ne. Ni yaro ne?"

Ya gatsa. Ya tauna, ya sake gatsa babba.

"Gishiri bai ji ba," ya ce da cikakken baki. "Shekara arba'in ina faɗa masa, hannunsa ba ya sakin gishiri."

Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa da cokali a hannu. Ya cinye tas, ya bi ɓurɓushin da yatsa ya tsince. Ya goge idonsa da bayan hannu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan, ba tare da ya ɗago kai ba, ya turo farantin gabana.

Na koma kicin na ɗora ta biyu.