Jan Maɓalli

Sai da aka tura gadon Tsoho cikin ɗakin gaggawa aka rufo ƙofa, sannan ɗansa direba ya lura 'yarsa Auta ba ta ce uffan ba tun daga gida. Yarinyar da ko a barci bakinta ba ya hutawa! Tana maƙale jikin bango, hannunta ɗaya a cikin riga.

Shi ma tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan titi. Da safen nan lafiya lau mahaifin nasa yake, yana kan kujera yana mitar ƙarar sabon talabijin. Shi kuwa direba ya zaunar da 'yarsa yana koya mata rimot, sai burga yake kamar shi ya ƙera shi.

"Ki saita kansa ga abin. Wani haske ne ke fita, ido ba ya ganinsa. Kin danna jan nan, kin kashe. Kin sake dannawa, ya tashi."

Ya fita wanke mota ke nan ya ji ihun matarsa.

Yanzu wata 'yar ƙara ce ke damunsa, ƙit, ƙit, ƙit. Ya waiwaya. Auta ta fito da rimot ɗin daga riga, ta saita ƙofar, tana ta dannawa.

"Ke, me ya kawo wannan asibiti?"

"Baba, ni na kashe Kaka."

"Kika me?"

"Faɗa yake ta yi mini. Na saita shi na danna ja, sai ya faɗi. Ina ta sake dannawa, ya ƙi tashi. Ko batir ne ya ƙare?"

Ashe tun safe da wannan kayan take yawo, kuma bakinsa ne ya ɗora mata. Ya durƙusa ya karɓi rimot ɗin.

"Talabijin kaɗai yake ji, uwata. Hawan jini ne ya kayar da Kaka. Duba nan."

Ya saita ƙirjinsa. Ta ƙwalla ƙara ta riƙe masa hannu, amma ya riga ya danna.

"Na mutu?"

Ta shafa fuskarsa, ta girgiza kai. Sai a lokacin kuka ya zo mata. Da ta lafa, ta ɗago.

"To Baba, in ba ya kashe mutum, ba ya tayar da shi ke nan?"

Uwarta ta ɗauke ta suka fita shan iska.

Ƙofar ta buɗe, wata nas ta fito a guje, ta dawo da likita. Babu wanda ya dube shi. Aka sake rufewa.

Ya sunkuyar da kai, sai ya ga rimot ɗin na hannunsa har yanzu, kansa na kallon ƙofar. Ya duba hagu, ya duba dama. Ya danna.