Kiran Shanun Modibbo

Kwana goma sha biyu da rasuwar Modibbo, shanunsa ba su taɓa dawowa garke da daɗin rai ba. Sai an bi su da sanda har bakin fadama, a koro wannan, waccan ta ɓalle. Shekara arba'in murya ɗaya suka sani. Dangi suka ce a kai su kasuwar Kiyawa kowa ya huta.

Uwaisu, babban ɗan marigayin, ya ce ba za a yi haka ba. Malamin ofis ne a Dutse, hannunsa ya fi sanin biro da sanda, amma ya san idan garken nan ya tashi, mahaifiyarsa ba ta da sauran abin kallo a gidan. Kuma yana da dabara, irin ta 'yan boko. Bara da sallah ya ɗauki muryar tsohon a waya yana kiran shanu, har Modibbo na yi masa tsiya wai ya rasa abin yi.

Da la'asar sakaliya ya tsaya a garke, bayan ɗakin Inna, da sifikar da ya aro a hannu. Ya kunna bulutut, wayar ta nuna ta haɗu. Ya danna. Shiru. Ya ƙure ƙara, ya sake dannawa, ya kuma sakewa. Sai a karo na uku ya ji kiran, can ƙasa-ƙasa, yana fitowa ta bangon ɗakin da mahaifiyarsa ke takaba.

Ya san muryar daga wayarsa take, amma sai da ya yi ta waige-waige kafin ya tuna 'yar rediyon da ya saya wa Inna don sauraron karatu. Da wayarsa ya gwada ta ranar da ya kawo. Ita ta riga sifikar haɗuwa da wayar ta bulutut.

Ya zagaya da gudu. Ya tarar da Inna a bakin ƙofa, ƙwaryar tatsa a hannu, ƙafa ba takalmi, tana duban hanyar fadama.

"Inna, ki yafe mini. Wayata ce. Na so shanun su ji shi ne."

Ta juyo ta dube shi.

"Na san ya rasu," ta ce. "A gabana aka fita da shi. Ban san lokacin da na ɗauki ƙwaryar ba."

Daga nesa wata saniya ta yi kuka, wata ta amsa. Sun jiyo, ga su nan tafe a jere ba mai kora. Daɗi ya kama Uwaisu, kunya ta biyo baya.

"Kin gani, Inna? Kullum da yamma sai in kunna musu."

"Kullum da yamma," ta maimaita. Ta kife ƙwaryar a ƙasa. "Ka kai su kasuwa, ɗan nan. Su dabbobi ne, muryar ta ishe su. Ni idan na ji, sai na fito neman mai ita."