Injin da Ya Ƙi Mutuwa

Abdelkerim makanike ya kwance bujin farko, wato fulogin injin jirgin ruwa, ya ɗaga shi sama yana dubawa. Zacharie kuwa yana tsugune a gaɓar kogin Binuwai da gwiwoyinsa masu ciwo, yana roƙon Allah a ransa ya sa a ce injin nan ya mutu.

E, abin da yake roƙo ke nan, kuma kada kowa ya ga laifinsa. Mutumin dutse ne daga wani ƙauye a bayan Guider, manomin dawa da gyaɗa, wanda ko iyo bai iya ba sai da furfura ta fara fito masa. Jirgin da injin na wansa Éric ne. Da Éric ya rasu ya bar mata da yara a Garoua, sai dangi suka zauna suka yanke magana: Zacharie zai sauko ya riƙe jirgin ya ciyar da marayu muddin injin yana aiki, ran da ya mutu kuwa a sayar da ƙarfen kowa ya koma gona. Lokacin an ɗauka abin ba zai daɗe ba, don injin ya riga ya tsufa. Ina! Lucienne, 'yarsa da ya bari tana rarrafe, yanzu ita ke ɗebo wa uwarta ruwa. Matarsa Jacqueline tana can tana noma ita kaɗai, sai Kirsimeti yake ganinta. Ya gaji da ruwa, ya gaji da warin kifi, gida kawai yake so.

To, a daminar nan sai injin ya fara rasa ƙarfi. In za a gangara da kaya ƙauyukan ƙasa ba a ganewa, ruwa ne ke turawa. A dawowa ne ake shan wuya, an cika jirgi da buhunan masara da busasshen kifi ana hawan ruwa. Sai ya murɗa mai har ƙarshe, injin ya yi ta gurnani a maƙogwaro, jirgi yana jan jiki. Shekaranjiya har wata tsohuwa da tulu a ka ta wuce su a gaɓa, fasinjoji suka yi ta yi masa tsiya. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Da suka iso ya kira Jacqueline ya ce mata yana jin lokaci ya yi, ita kuma ta ce za ta sa a gyara rufin ɗakinsa kafin ruwa ya ƙara yi masa ɓarna.

Pauline, matar marigayin, ita ta roƙe shi ya kai wa Abdelkerim ya duba kafin a kira masu sayen ƙarfe. Da wani ne da ya ce ya kai alhali bai kai ba. Zacharie bai iya wannan ba, kuma wallahi wani lokaci yakan ji haushin kansa a kan haka.

Abdelkerim ya ce bujin ya yi baƙi ƙirin, amma yana ba da wuta. Ya tsiyayi fetur a kwalba ya ajiye ya kwanta, ko an haɗu da zuwazuwa, man 'yan bumburutu, da aka tsarma da ruwa, sai ga mai garau. Ya kwance kafireta ya wanke, ya hura kowace kafa da bakinsa, ya ce ba wani dattin kirki. Duk abin da ya duba ya ce lafiya, sai Zacharie ya ji gabansa ya faɗi. Har ya fara kai ƙarar injin: ai yana hayaƙi sosai, ai da safe yana tari, ai jikinsa yakan yi zafi.

"Kwantar da hankalinka, Baba Zakari," in ji Abdelkerim. "Na ga duk ka rame saboda shi. In Allah ya yarda ba za ka rasa abincinka ba."

Ka ji mutum! Zacharie ya yi godiya da Fulatanci, ya ce useko kawai, ya kau da kai.

Saura gwaji guda, shi ne mai yanke hukunci. Abdelkerim ya toshe ramin buji da babban yatsa, ya sa Zacharie ya ja igiya. In iska ta fito sanyi-sanyi, ringi ya cinye, kuma inji mai waɗannan shekaru bai cancanci a buɗe cikinsa ba. Zacharie ya ja a hankali, aka ce ya ja da ƙarfi mana. Ya ja, iska ta ture yatsan da ƙara. Rami na biyu ma haka. Abdelkerim ya yarfe hannu yana murna, ya ce wannan inji ai ya fi su biyun lafiya.

Sai ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa, ya tsaya yana kallon farfela. Ya tambaya yaushe aka sa wannan sabuwar. Zacharie ya ba shi labari: tsohuwar ta daki kututture a farkon damina, fiffike ɗaya ya karye. Shi kuwa ya gutsuri tsinken tsintsiya daidai faɗinta, kamar yadda ake auna ƙafar yaro in za a sayo masa takalmi, ya tafi kasuwa da shi. Ya samu wadda ta yi daidai da tsinken, kuma ta zauna a sandar injin ɗas. Mai sayarwa ma ya ce ta fi tasa, daga jirgin gudu na wasu manya aka cire ta.

Abdelkerim ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya nutsu ya nuna masa da yatsa cewa faɗin ɗaya ne, amma kwanciyar fikafikan daban. Wannan babbar loma take yanka a ruwa, an yi ta ne don jirgi marar nauyi. In aka ɗaura ta a jirgin kaya sai ta shaƙe injin ya kasa juyawa yadda ya kamata, shi ya sa buji ke baƙi.

"Kamar ka hau dutsen garinku da keke a babbar giya ne," ya ce. "Ba ƙafarka ce ta mutu ba."

Ya zazzage wani buhu ya zaɓo tsofaffin farfela biyu. Ya kira masu dako da ke zaune a inuwa suka shiga jirgi don a samu nauyi, aka fita ruwa. Ta farko lomarta ta yi ƙanƙanta, injin ya yi ta ihu jirgi bai tafi ba, har Zacharie ya ɗan ji sanyi a ransa. Aka dawo aka ɗaura ta biyu. Zacharie yana murɗa mai muryar injin ta washe, hancin jirgi ya ɗaga, suka nufi gada suna keta ruwa. Masu dako suna tafi. Rabon da ya ji injin nan haka tun Éric yana da rai.

Kafin su dawo gaɓa labari ya zaga. Hajjo mai kifi har ta sa an fara jero mata buhuna, tana cewa gobe da ita za a gangara. Abdelkerim yana goge hannu yana shaida wa jama'a cewa in dai ana canza masa mai, injin nan zai ga auren jikokin Éric. Kowa ya zo ya yi wa Zacharie barka, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya san ko wace ce. Ya matsa bayan wani jirgi da aka kife, ya zauna a ƙasa, sannan ya ɗauka.

"Baban Lucienne, me makaniken ya ce?"

Ba wanda ke kusa da zai ji shi.

"Ya tashi," ya ce. "Farfela ce kawai."

Yana jin kukan awaki a bayan Jacqueline, da wani yana saran itace.

"To," ta ce a hankali, "mun gode Allah. Yaran Éric za su ci."

"Za su ci."

"Bari in je in ce wa mai rufin ya bari. Sai in zuba gyaɗa a ɗakin."