Rabin Kwantena

Shekara goma sha ɗaya muna haɗa kwantena ɗaya, ni da Fataw. Shi ɗan zangon Kumasi, ni ɗan Doso. Kowace Lahadi muna garejin da muka kama haya a unguwar Morrisania, nan ƙetaren teku, muna cusa takalma da gwanjo cikin duro. In kwantena ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema ya kwashe rabinsa, nawa rabin ya hau mota zuwa Yamai.

Ni ba ni da kowa a garin nan, iyali na gida. Kwana shida a mako ina sayar da hula da tabarau a bakin titi, "ten dollar" kaɗai ke fita bakina. Sai Lahadi nake zuba Hausa har maƙogwaro ya bushe, ko da irin ta Fataw ce, mai ce wa mace "ya zo". In yi masa tsiya, ya ce mini Bafaranshe.

Kwatsam ƙasarmu ta fice daga Sedeyawo, ƙungiyar nan ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Wallahi har murna na yi, na ce mun ƙwaci kanmu. Fataw dai ya ce, "To, Allah ya sa alheri."

Ba a daɗe ba mai fitar mana da kaya a Tema ya bugo waya. Wai manya suna can suna sake tsara harajin duwan, wato kwastan, yau wannan takarda, gobe waccan. Saboda kayana aka riƙe kwantenar mako bakwai, kayan sallar Fataw suka yi sallah a tasha.

"Abdulmumini, ɗan'uwa," Fataw ya ce mini, idonsa a ƙasa, "mu raba haɗin nan kafin su gama gyaransu. Zumunci na nan."

Na ce ba komai. Ƙarya nake, abin ya ci ni. Haba! Ina ruwan zamanmu da takardun duwan?

Lahadi biyu na yi a ɗaki, daga ni sai bango. Ta uku na kasa. Na ce ai zumunci a ƙafa yake, na sa riga na hau bas.

Na tarar da Fataw a garejin da sabon abokin haɗinsa, wani Kojo mai tuƙa tasi, suna ta yaren Twi suna ƙyaƙyatawa. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Fataw ya taso da fara'a, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin haka wani duro ya nemi kifewa, hannuna ya kai da kansa, na tare.

"A'a, a'a, Alhaji!" Ya janye mini hannu. Tunda muke bai taɓa ce mini Alhaji ba. Ya jawo kujera, ya goge ta da hularsa. "Zauna mana. Baƙo ba ya aiki."

Na zauna ina kallonsu, har suka rufe duron.